Kwana goma sha ɗaya a hannun Genichiro: wane gem zan koma?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Yau kwanana goma sha ɗaya a wuri ɗaya cikin gem ɗin Sekiro, wajen bos ɗin nan Genichiro, can saman fadar Ashina. Sai na rufe shago bayan isha'i, na ci abinci, yara sun kwanta, sannan nake samun awa guda, shi ma in akwai wuta. Wannan awar ita ce hutuna. Yanzu ta zama abin da nake tashi daga gare shi kaina na sarawa, tafin hannuna jiƙe da gumi. Jiya na ci masa rai biyu, ya tuɓe sulke ya fara jifa da walƙiya, ni kuwa tulun maganina ya ƙare ƙaf. Sara ɗaya ya gama da ni, aka mayar da ni farkon faɗan. Na kashe talabijin na yi shiru, har uwargida ta tambaye ni ko wani abu ya faru a kasuwa.

Abin da ya fi damuna, ina son gem ɗin. Ina son ƙarar takubban, ina son ganin yadda za ta ƙare da yaron nan Kuro. Amma babu wurin rage wahala, kuma ba a kiran wani ya taya ka. PS4 gare ni. Don Allah ku ba ni sunan gem mai labari da faɗa mai daɗi wanda ba zai ƙona min rai ba.

Ɗan Fagge: Wa'alaikumus salam Yaya. Kafin ka ajiye shi, bari in tambaye ka: kana tarewa ne ko kana gudu? Yawancinmu da ɗabi'ar Dark Souls muka shigo, muna tsalle gefe muna jira. Sekiro ba ya son haka. Ka manne masa, ka yi ta sara har sai ka ji ƙarar da ta bambanta ka ga tartsatsi mai yawa, wato ya tare saranka, to lokacinsa ne. Sai ka danna L1, madannin tarewa, daidai lokacin da takobinsa zai sauka, ba riƙewa ba. Ba jininsa kake nema ba, layin nan na rawaya da ke sama kake cikawa. In jan rubutu ya fito kuma ya kawo suka, ka taka takobin, dabarar da ake kira Mikiri. In shara ya kawo ta ƙasa, ka yi tsalle ka dira a kansa. Walƙiyar kuma, ka yi tsalle ta same ka a sama, ka danna R1, madannin sara, kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa, sai ta koma kansa. Akwai rubutu rataye a ɗakin da ke ƙarƙashin wurin faɗan da ya faɗi haka, mutane da yawa wucewa suke yi ba su karanta ba.

Baban Hanifa: Na gode ƙanena. Mikiri na iya. Maganar walƙiyar ce ban taɓa sani ba. Amma ka ga matsalar: kafin in kai wurin da zan gwada ta, sai na yi minti biyar ko shida ina faɗan da na riga na iya. In na kai, dama ɗaya gare ni. A dare guda bai fi in ga walƙiyar sau biyu ba. Ta yaya mutum zai koyi abin da yake gani sau biyu a dare?

Maman Sadiq: Wannan maganar taka ta ƙarshe ita ce gaba ɗaya zancen, Baban Hanifa. Ni ban ƙi wahala ba, hukuncin da ke biyo bayan kuskure ne ke kore ni. Ka nemi Celeste, na 2018 ne, yana kan PS4 kuma bai da nauyi. Yarinya ce mai suna Madeline take hawan dutse. Na mutu a cikinsa fiye da sau dubu, gem ɗin da kansa yake ƙirgawa, amma ban taɓa jin haushi irin wanda kake faɗa ba, domin kana faɗuwa kafin ka ƙifta ido an dawo da kai bakin ɗakin da ka faɗi. Kuskuren yana nan sabo a yatsunka, sai ka gyara. Kuma akwai saitin taimako: za ka iya rage saurin gem ɗin, ko ka ƙara yawan zabura a iska, ko ma ka hana mutuwa gaba ɗaya. A wurin da iska ke turo mutum baya na rage saurin kaɗan, na wuce, na mayar da shi yadda yake.

Na biyu Hades. Akwai God Mode a ciki. In ka kunna, dukan da kake sha zai ragu da kashi 20 cikin ɗari, kuma duk mutuwa ɗaya ana ƙara kashi 2 har ya kai 80. Ga shi duk lokacin da ka mutu ka koma gida, mutanen gidan suna da sabuwar magana da za su gaya maka, labarin gaba yake yi. Ba ka taɓa tashi hannu rabbana.

Sarkin Yaƙi: Ni dai da izininku ban yarda ba. Daɗin waɗannan gem ɗin a wahalar yake. Na yi mako biyu a kan Malenia, wata bos a Elden Ring, ranar da ta faɗi sai da na miƙe tsaye jikina na rawa. In da akwai madannin da zan latsa ta yi laushi, da na latsa tun kwana na uku, kuma da ban taɓa sanin wannan daɗin ba. Shi kansa Hidetaka Miyazaki, daraktan waɗannan gem ɗin, ya sha bayyana cewa abin da suke nema ke nan, mutum ya ji daɗin cin galaba a kan abin da ya gagare shi. Sekiro ya ci kyautar gem ɗin shekara a 2019, ba a banza ba. Mai haƙuri yakan dafa dutse, Yaya. Genichiro malami ne, duk wanda ya wuce shi ya iya gem ɗin.

Maman Sadiq: Sarkin Yaƙi, awa nawa kake bugawa a rana?

Sarkin Yaƙi: Lokacin muna hutun makaranta, Anti. Huɗu ko biyar.

Maman Sadiq: To ka gani. Mako biyunka ya kai wata biyu a wurinsa, kuma kai kana maimaitawa hannunka da zafi, shi kullum sai ya sake ɗumama hannu daga farko. Dutsen da kuke dafawa ɗaya ne, itacen ne ba ɗaya ba. Ban ce daɗin da ka ji ƙarya ne ba. Amma in an saka saitin sauƙi don wani, me ya ragu a naka?

Kawu Mai Gyaran Rediyo: Bari tsoho ya sa baki. Mu da muka fara da gem ɗin kaset mun san asalin wannan abu. Contra rai uku ake ba ka, harsashi ɗaya ya taɓa ka ka tafi. Shi ya sa kowane yaro a unguwa ya haddace sirrin nan: sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A, sai ka samu rai 30. Babu wanda ya taɓa cewa mai rai 30 ba ɗan gem ba ne, da shi muka ga ƙarshen gem ɗin. Wahalar wancan zamani tana da dalili na kasuwa. Injinan da ake jefa wa kwabo a Japan da Amurka, mutuwarka ce cinikinsu. Na gida kuma gajeru ne, in babu wahala a yini ɗaya za ka cinye.

Wanda bai fita raina ba shi ne Lion King na Sega, na 1994. Mataki na biyu kawai, wurin birai da raƙuman dawa da jimina. Sai ka yi wa biri ruri ya juya, su yi ta jefa ka daga hannu zuwa hannu, in ka kuskure ɗaya ka faɗa ruwa. Daga baya waɗanda suka yi shi sun faɗi cewa da gangan aka tsaurara farkonsa, don kada yaro ya ɗauko haya ya cinye a kwana biyu ya fasa saye. Wato wahalar da muka sha ba don ta koya mana komai aka saka ta ba. An sake fitar da shi a 2019 haɗe da Aladdin, yana kan PS4, kuma akwai madannin mayar da lokaci baya. Da shi na ga sauran matakan, bayan shekara ashirin da wani abu.

Na Maraɗi: Kawu ka tuna min da gidan gem. GTA San Andreas a PS2, mishan ɗin jirgin ƙasa, kai kana tuƙa babur Big Smoke yana harbi daga baya. Kuɗin rabin awa ka biya, yara na tsaye a kanka suna jiran hannu. In jirgin ya tsere, babu ci gaba daga inda ka tsaya, sai ka sake tuƙi tun daga can zuwa gidansa ka sake karɓar mishan ɗin. Rabin kuɗinka a hanya yake tafiya. Sirrin ashe kada ka matsa jikin jirgin, ka ɗan ba da tazara ta gefe don harsashinsa ya kai ga na saman. Babu inda aka gaya maka. A GTA V sun gyara: akwai wuraren ci gaba a tsakiyar mishan, kuma in ka faɗi sau uku ana ba ka zaɓin tsallakewa.

Baban Hanifa, tunda takobi da Japan kake so, Ghost of Tsushima ne naka. Na 2020, PS4. Labarin mamayar Mongol ce ta 1274 a tsibirin Tsushima. Akwai tarewa kamar Sekiro, akwai faɗan mutum biyu a fili ganye na zuba, amma kai ke zaɓar wahalar kuma kana iya canzawa ko a tsakiyar gem. Ina buga shi a matsakaici, in wani bos ya tsare ni na sauke, in na wuce na mayar.

Ɗan Fagge: Na goyi bayan Tsushima. Ka ƙara da Star Wars Jedi: Fallen Order, shi ma tarewa ce ginshiƙinsa, kuma in ka rage wahala lokacin tarewar ne ke ƙara faɗi. Amma kada wani ya ce maka ka sayi Bloodborne ko Cuphead yanzu. Cuphead zanensa kamar na yara, yana da saitin sauƙi, sai dai in da shi ka bi ba za a bar ka ka shiga faɗan ƙarshe ba.

Abu Mai Walda: Ni tawa ta ɗan bambanta. Shekara uku da suka wuce ƙarfe ya faɗo min a hannun dama, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa sosai. Duk wurin da aka ce a yi ta dannawa da sauri, nan nake tsayawa, ba don ban gane ba. God of War na 2018 yana da saitin da zai mayar da dannawar zuwa riƙewa, kuma yana da matakan wahala huɗu, na farkon don mai son labari ne. The Last of Us Part II ya fi shi ma, saituna sama da 60, har da na masu raunin gani da ji. Kana iya rage kaifin idon abokan gaba ka bar ƙarancin harsashi yadda yake. Da waɗannan na dawo gem bayan na fid da rai. Sarkin Yaƙi, ƙanena, in ana maganar saitin sauƙi ka riƙa tunawa da irinmu. Sekiro ko shekara zan yi a kansa, hannun nan ba zai ba ni abin da yake nema ba.

Sarkin Yaƙi: Gaskiya ban kawo wannan a raina ba, Yaya Abu. Allah Ya ƙara sauƙi. To bari in ba da tawa: Elden Ring ya fi Sekiro sassauci nesa ba kusa ba. In bos ɗin nan Margit ya tare ka, ka juya doki ka yi kudu, ka ƙara ƙarfi ka dawo. Akwai tokar ruhohi da kake kira su taya ka faɗa, ba ta buƙatar intanet. Ni ma da ɗaya daga cikinsu, Mimic Tear, na kashe wasu.

Hajiyar Zinder: Ku masu PS kuna da sauƙi, wahalarku ba ta neman kuɗi. Ni a waya nake yi. Candy Crush rai biyar ne, kowane ɗaya rabin awa kafin ya dawo. Sai ka kai matakin da saura alawa ɗaya motsinka ya ƙare, nan take a nuna maka ka sayi ƙari. Na yi mako a mataki ɗaya na gane raina kawai nake ɓatawa, na goge. Ɗana ya saka min Monument Valley, gini ne kake juyawa hanya ta fito, babu mutuwa babu agogo. Mai neman abin da zai kwantar da kai kafin barci ya gwada.

Baban Hanifa: Allah Ya saka da alheri, ban zaci zan samu haka ba. Ga abin da na yanke. Daren yau zan koma in karanta rubutun nan na bango in gwada walƙiyar, tunda Ɗan Fagge ya buɗe min ido. Na ba shi zuwa Juma'a. In bai faɗi ba zan cire faifan in ajiye a durowa, ba na so Hanifa ta sake ganina da wannan fuskar. Na Maraɗi, Tsushima ɗin in na samu faifai na hannu, yana tashi ba tare da an sauke komai ba, ko sai na tanadi data?

Na Maraɗi: Yana tashi daga faifan, Yaya. Ka dai share wuri a na'urar tukuna, yana da girma. Sabuntawar ka bar ta sai ranar da ka samu intanet mai arha.

Ɗan Fagge: Kuma kafin ka hau wurinsa yau, ka duba ko kana da irin tulu da ba ka kai wa likita Emma ba don ta ƙara maka magani, da ƙwayoyin carbi huɗu da ba ka haɗa ba don ƙarin jini. In ba ka kashe tsohuwar nan ta gidan Hirata ba, je ka fara da ita, kashe ta na ƙara ƙarfin sara.