Shawarwarin da aka bayar kan sayen tsofaffin taswirorin zamanin Turawa

To ga dai abin da na tsinta daga wata hira da aka yi kan sayen irin waɗannan taswirori. Kusan kowa ya ce kar ka yarda da shekarar da mai sayarwa ya faɗa, duba iyakoki da kanka, in ka ga Arewa da Kudun Najeriya a matsayin ƙasashe biyu daban-daban to kafin haɗewar 1914 ce, in Kamaru na hannun Jamus kuma kafin 1916 ke nan. Sunaye ma suna tona asiri, irin su Sackatoo da Bornou da Houssa (wato Sakkwato da Borno da Hausa), wallahi wannan rubutun shi ke jan hankalin wasu. Wani ya tuno taswirar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen matafiyi Clapperton a 1824, aka buga ta a Landan 1826.

Batun jabu an daɗe a kai. Ɗaga takardar ka haska, nemi layin ninki a tsakiya don yawancinsu daga littafi aka ciro su, in ka sa gilashin ƙara girma ka ga ɗigo-ɗigon firinta to kwafi ce kawai, ajiye musu.

Adanawa kuma, banda laminatin, banda salatif, a nisanta ta da rana da danshin damina. A kuma tsare ta daga gara, don gara ba ta san tarihi ba.