Ƙuraje sun taso mini a shekara 28, mene ne nake yi ba daidai ba?

Maman Iman:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe da maganar nan a ciki, yau dai na ce bari in fitar da ita ko Allah zai sa in dace.

Shekarata 28. Lokacin da sa'o'ina ke fama da ƙurajen balaga, ni fuskata sumul take, ban san zafinsu ba. Sai yanzu da na haihu har na yaye 'yata abin ya same ni, wata takwas ke nan. Iri biyu nake gani. Akwai manya a haɓa da gefen muƙamuƙi har zuwa saman wuya. Ba su da baki, sai dai in ji su can ƙarƙashin fata kamar tsakuwa, in na kwanta ta wajen dole in juya saboda zogi. Waɗannan saura mako guda in ga al'ada suke fitowa, kusan kowane wata. Sai kuma wasu ƙanana birjik a kumatu da goshi, duk girmansu ɗaya kamar an auna. Su daga baya suka zo.

Babu abin da ban yi ba. Ina wanke fuska da sabulu mai ƙarfi da soso sau biyar ko shida a yini, har fatar ta riƙa ɗaurewa. Na shafa man goge baki na kwana da shi. Na goga lemon tsami, ya yi mini raɗaɗi har hawaye. Matsawa kuwa ba a magana, in na tsaya gaban madubi hannuna da kansa yake tafiya.

Wata huɗu da suka wuce wata ƙawata ta ba ni wani mai a 'yar roba marar rubutu, ta haɗa mini da wani na tub, ta ce in riƙa gaurayawa. Cikin kwana goma fuskata ta kwanta, ta yi haske, kowa sai ya tanka. Da na bar shafawa, kwana uku kacal, fuska ta ɗauki zafi da ƙaiƙayi, ƙurajen suka dawo fiye da da. Na koma, suka lafa. Haka nake ta yi har yau.

Abin da ya fi ci mini rai tabon ne. Kowane ƙurji in ya tafi sai ya bar baƙin tabo da zai yi watanni. Shekaranjiya 'yata ta ɗora yatsa a haɓata ta ce, "Mama, ciwo?" Na yi mata murmushi, amma da ta fita na zauna na yi kuka. Wata a dangi kuma ta ce mini a gaban mutane wai in riƙa kula da tsafta. Ni da nake neman saɓule fuska da wanki.

Don Allah me ke kawo su? Man nan in ci gaba ko in bari? Kuma muna fatan samun wani cikin nan kusa, ban sani ba ko hakan ya shafi maganin da zan yi amfani da shi.

Anti Nas:

Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya. Ki fara cire maganar ƙazanta daga ranki. Na yi shekaru ina aikin jinya, kuma waɗanda suka fi zuwa da fuska a ƙone su ne masu yawan wanki irinki.

Ga yadda abin yake. Kowace ƙofar gashi a fuska, ko da gashin bai fito fili ba, tana da wata 'yar jaka a gindinta mai fitar da maiƙo. Fata kuma kullum tana zubar da matattun ƙwayoyinta. In maiƙon ya yi yawa ya cakuɗe da matattun ƙwayoyin, sai su toshe ƙofar daga ciki. In bakin a buɗe yake, iska ta taɓa abin ya yi duhu, shi ne baƙin ɗigon da ake gani a hanci. Mutane suna ɗauka datti ne, alhali iska ce ta sauya masa launi. In bakin a rufe yake sai ki ga ɗan farin tudu. To akwai wata ƙwayar bakteriya, Cutibacterium acnes, da ke zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da marar su. In ta samu ƙofa a toshe cike da maiƙo sai ta hayayyafa, jiki ya taso yaƙi da ita, wurin ya kumbura, wani ya tara mugunya. In bangon ya fashe can ƙasa, shi ne manyan nan marasa baki da kike ji kamar tsakuwa. Duk wannan a ƙarƙashin fata yake faruwa, soso ba ya kaiwa wurin. Abin da soso yake yi kawai shi ne ya ƙara fusata fatar.

Mai kunna jakunkunan maiƙon kuwa sinadaran jiki ne da ake kira homon, musamman irin na maza, wanda mu ma mata muna da shi kaɗan. Shi ya sa ƙuraje ke zuwa da balaga, shi ya sa kuma naki na haɓa ke bin al'ada. Mace babba ta yi ƙuraje a haɓa da muƙamuƙi abu ne da muke gani kullum. Gado ma yana ciki, ki tambaya a gidanku. Zan so in sani: al'adarki tana zuwa kan lokaci? Kina ganin gashi mai kauri a haɓa ko ƙirji? Kin yi tsarin iyali bayan haihuwa? Allurar wata uku da ashanar da ake sawa a dantse suna iya tayar wa wasu mata ƙuraje.

Amma wanda ya fi tayar mini da hankali man nan ne. Kwanciya cikin kwana goma, haske, sannan zafi in an bari, ga ƙananan ƙuraje masu girma ɗaya: duk alamun sitiroyid ne, wato wani magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi. Ki ɗauko tub ɗin ki karanta mini ƙananan rubutun da ke jikinsa.

Abban Sadik:

Hajiya, sannu da fama. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, amma na sha wannan wuya, don haka bari in faɗi nawa.

Nawa sun fara ina 16, a fuska da baya da ƙirji. Na bayan har riga suke ɓata mini, in zan cire singileti sai na jiƙa ta da ruwa saboda ta manne. Shekara bakwai ana ce mini zai wuce in na girma, wasu su ce dattin ciki ne, wasu su ce jinina ne ya yi zafi. Na sha maganin wankin ciki har na rame, ƙurji ko ɗaya bai tafi ba. Na kuma yi wa kaina illa da sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta ina sha yadda na ga dama, mako biyu in bari, in sake. Daga baya likitan fata ya gaya mini hakan ne ke sa ƙwayoyin su saba da magani, kuma ko shi zai ba da doxycycline, wata uku zuwa huɗu ne, tare da na shafawa, ba shi kaɗai ba.

A ƙarshe isotretinoin ya ba ni, wata shida. Tun 1982 ake amfani da shi a Amurka, kuma yana busar da jakunkunan maiƙon ne tun daga tushe. Leɓena ya yi ta tsagewa, hancina ya bushe har yakan yi haɓo, ana auna jinina lokaci-lokaci. Ƙurajen sun tafi. Amma ramukan da ke kumatuna da tudun tabon da ke kafaɗata suna nan, don na makara. Yawancin na kumatun da farcena na haƙa su. Ki daure ki cire hannu daga fuskarki, ko da za ki rufe madubin ne.

Kuma tunda kin ce kina neman ciki, wannan maganin kada ki kusance shi ko wa ya ba ki. Yana nakasa jariri a ciki, nakasa mai tsanani. Ni namiji ma an hana ni ba da jini ina shan sa, har sai bayan wata guda da gamawa, don gudun kada a ƙara wa mai juna biyu.

Maman Iman:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na ɗauko. A gaba hoton 'ya'yan itace ne, amma a ƙasa da ƙananan baƙi an rubuta clobetasol propionate 0.05%. Na robar babu komai a jiki. Da na je taga da madubi na duba da kyau, na ga wasu siraran jijiyoyi a saman kumatuna kusa da hanci, waɗanda da babu su. Jikina ya yi sanyi.

Al'adata tana zuwa daidai, gashi kuma babu. Amma an sa mini ashana bayan haihuwa, wata biyu da suka wuce aka cire. Na kira mahaifiyata, ta ce ita ma ta yi su bayan haihuwar yayana. Ban taɓa sani ba.

Anti Nas:

To ga shi nan. Clobetasol yana cikin mafi ƙarfin sitiroyid da ake shafawa. Ana ba da shi ne don cututtukan fata masu tsanani a jiki, na ɗan gajeren lokaci, kuma ba a fuska ba. Yana kashe kumburi nan take, shi ya sa kika ga kamar waraka, amma yana siranta fata, yana fito da jijiyoyi, kuma shi da kansa yana haifar da ƙuraje. Na robar ki jefar yau, ba mu san abin da aka zuba a ciki ba. Na tub ɗin kuma, bayan wata huɗu kullum, ki je wurin likitan fata cikin makon nan da shi a hannunki. Wataƙila ya sauya miki da mai sauƙi ya riƙa ragewa a hankali. Ki shirya, makonnin farko fuskar za ta yi zafi, ta yi saɓa, ta yi kamar ta fi lalacewa. A nan ne mafi yawa suke komawa. Yana wucewa.

Tunda al'adarki daidai take kuma babu gashi, hankalina ya ɗan kwanta game da matsalar ƙwan mace da ke zuwa da yawan homon na maza. Duk da haka ki faɗa wa likita maganar ashanar.

Maganar ciki ita ce za ta zaɓa miki magani, don haka ita za ki fara faɗa kafin ya ɗauki biro. Adapalene da tretinoin, waɗanda suka fi iya buɗe ƙofofin da suka toshe, ba a ba da su ga mai ciki ko mai neman ciki. Doxycycline da spironolactone ma haka. Abin da ya rage miki mai kyau ne: azelaic acid, yawanci mai kashi 20, yana rage ƙuraje kuma yana dusashe baƙin tabo, wanda shi ne damuwarki. Sai benzoyl peroxide mai kashe ƙwayoyin. Ki nemi mai kashi 2.5 ko 5, don mai kashi 10 bai fi su aiki sosai ba, ya fi su ƙona fata ne kawai. Amma kada ki fara ko ɗaya sai fatar ta huce daga sitiroyid ɗin. In kin fara, ɗan kaɗan za ki lakata ki shafe duk wurin da suke fitowa, ba kan ƙurjin kaɗai ba, don aikinsa hana na gobe fitowa ne. Ki fara da kwana ɗaya a shafa, ɗaya a huta. In benzoyl peroxide ne, ki ware masa farin tawul da farar rigar filo, yana cinye launin yadi. Na yi asarar mayafi mai kyau kafin in koyi wannan.

Wanki sau biyu ya isa, safe da dare, da tafin hannu da sabulu mai laushi. Soso, lemon tsami da man goge baki duk ki sallame su. Ki riƙa shafa mai marar nauyi, sannan man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, domin rana ce ke ƙara wa tabo duhu a fatarmu. Man kitso kada ya gangaro goshi. Abinci kuwa ba shi ne tushe ba, sai dai yawan kayan zaƙi da madara yakan ƙara wa wasu. Ki lura da jikinki, ban ce ki hana kanki ci ba.

Sai haƙuri da lokaci. Mako 6 zuwa 8 kafin ki ga alama, mako 12 kafin a ce magani ya yi ko bai yi ba. Tabo ya fi haka daɗewa. Ki ɗauki hoto yau a bakin tagar nan, ki sake ɗauka duk bayan mako huɗu a wuri ɗaya, don madubin kullum ba zai nuna miki sauyin ba.

Maman Iman:

Na dawo in ba ku labari, yau mako biyar. Likita ya karɓi tub ɗin ya karanta ya girgiza kai, ya ba ni wani mai sauƙi na rage a hankali, yanzu kwana tara ke nan ban shafa kowane sitiroyid ba. Mako na biyu ya yi mini wuya ƙwarai. Akwai daren da na tashi ƙarfe biyu fuskata kamar an watsa mata barkono, na riƙa ɗora tsumma mai sanyi har na samu barci. Da robar nan tana gidan da na shafa, gara da na jefar.

Ƙananan na kumatu sun ragu sosai. Manyan na haɓa guda biyu sun fito a kan lokacinsu, ban taɓa su ba, na ɗaure hannuna da aikin gida har suka sauka da kansu. Jiya na fara azelaic acid, yana ɗan tsikara na minti kaɗan sannan ya daina. Ƙawata da ta ba ni man ita ma shekara guda take shafawa, na nuna mata jijiyoyin fuskata, ta ce za ta bi ni asibiti ranar da zan koma.

Anti, tambaya ɗaya ta rage. Man kariyar ranar da na samu yana bar mini fari-fari a fuska kamar toka. Akwai irin da ba ya yin haka, ko in haƙura da shi?