Masu bashin da ba su taɓa biya ba sun koma ƙasan jeri, ina mafita?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi. Kawuna dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 ta Legas, kuma yawancin masu saye a wajensa bashi suke ɗauka, buhu biyar, buhu goma, su sayar su riƙa kawo kuɗi kaɗan-kaɗan. Na yi masa 'yar manhaja don ta maye gurbin littafin bashi. Tebur uku ne: kwastoma, bashi, biya. Abin da yake so ya gani kowace safiya shi ne wanda ya fi daɗewa bai kawo ko kobo ba a can sama, don yaron shago ya san wa zai fara kira.

Na haɗa kwastoma da biya ta LEFT JOIN, na jera da ORDER BY biya.rana ASC (daga tsohuwar rana zuwa sabuwa), na sa LIMIT 20 (layi 20 a shafi). A kwamfutata, inda nake amfani da rumbun bayanai na SQLite, komai lafiya lau. Da na ɗora a saba (kwamfutar da manhajar ke aiki a kai) mai rumbun PostgreSQL sai waɗanda ba su taɓa biya ba suka koma shafin ƙarshe, inda ba wanda ke dubawa. Ga kuma wata mata daga Ketu da sunanta ke ta maimaituwa a shafi ɗaya. Da na ƙara WHERE biya.rana >= '2024-01-01' don in rage yawan layuka, sai marasa biyan suka ɓace ɗungurungum. Kawu ya fara cewa littafinsa bai taɓa ɓoye masa mai bashi ba. A taimaka.

Wani ɗan'uwa daga Agege:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba abin da ya lalace. Wanda ba shi da layi a teburin biya, LEFT JOIN zai kawo shi amma ya bar gurbin rana da NULL, wato babu. To a ina za a ajiye "babu" idan ana jeri? Nan ne rumbunan bayanai suka sha bamban. SQLite da MySQL da SQL Server suna ɗaukar NULL a matsayin mafi ƙanƙanta, don haka a ASC shi ke zuwa farko. PostgreSQL da Oracle kuwa suna ɗaukarsa mafi girma, sai ya tafi ƙarshe. Sa'a ce kawai ka ci a kwamfutarka. Rubuta ASC NULLS FIRST, ka faɗa masa abin da kake so ƙarara. SQLite ma ta fara karɓar wannan daga sigar 3.30 ta 2019, saboda haka umarni ɗaya zai yi maka aiki a wuri biyun.

Wani daga Ikeja:

Ni dai COALESCE nake sawa, mai cike gurbin NULL da abin da ka ba shi, in ba marasa rana 1900-01-01, shikenan a wuce wurin. Yana aiki a ko'ina, har MySQL da ba ta san NULLS FIRST ba.

Wata 'yar'uwa daga Yaba:

Malam na Ikeja, ka yi haƙuri, ban goyi bayan wannan ba. Ranar ƙarya ba ta zama inda aka ajiye ta. Yau a jeri take, gobe wani ya kwafe ta zuwa rahoto, jibi a buga wa kawu cewa wance ta shekara fiye da ɗari ba ta biya ba. A MySQL ma akwai hanya mai tsabta: ORDER BY rana IS NULL DESC, rana ASC. A SQL Server kuma a yi da CASE.

Mai tambaya, sauran matsalolinka biyu sun fi ta farko haɗari. Ɓacewar mutane daga WHERE ta fito. Ana gama haɗa teburan ne kafin a tace, kuma idan aka tambayi NULL ko ya kai 2024-01-01, amsar ba "e" ba ce, ba kuma "a'a" ba ce, "ba a sani ba" ce. WHERE kuwa "e" kaɗai yake bari ya wuce. Ka ga LEFT JOIN ɗinka ya zama INNER JOIN, mai kawo masu layi a teburan biyu kaɗai, ba ka sani ba. Sharaɗin da ya shafi teburin dama, wato na biya, a cikin ON ake sa shi.

Matar Ketu kuma ba laifinta, mai biya ce. Duk biyan da ta yi layi ne guda, kuma LIMIT layuka yake ƙirgawa, ba mutane ba. Mutum ɗaya zai iya cinye maka rabin shafi, har ma ya hau sama saboda tsohon biyansa alhali jiya ya kawo kuɗi. Ka dunƙule tukuna:

SELECT k.id, k.suna, MAX(b.rana) AS biyan_karshe
FROM kwastoma k
LEFT JOIN biya b ON b.kwastoma_id = k.id
GROUP BY k.id, k.suna
ORDER BY biyan_karshe ASC NULLS FIRST, k.id
LIMIT 20;

Wannan k.id na ƙarshe ba ado ba ne. Duk marasa biya kunnen doki suka yi, kuma rumbun bai yi alkawarin jera masu kunnen doki iri ɗaya kullum ba. In babu abin raba gardama, wani zai iya fitowa a shafi na ɗaya da na biyu, wani kuma ya faɗa tsakani ba a gan shi ba.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, Yaya. Na gwada, sunaye sun daina maimaituwa. Sai dai yanzu saman jerin ya cika da mutanen da ba a bin su komai. Har da wanda aka yi wa rajista shekaranjiya.

Wani dattijo daga Idi-Araba:

Dama wannan nake jira. Yaro, na yi shekaru ina riƙe wa 'yan kasuwa lissafi kafin in san kwamfuta, kuma tambayar da zan yi maka ba ta SQL ba ce: wane ne "bai taɓa biya ba"? Akwai wanda ya ɗauki buhu ashirin tun kafin azumi ya kashe waya. Akwai wanda ya ɗauka jiya, ko mota bai gama saukewa ba. Akwai mai biyan kuɗi hannu da bai taɓa cin bashi ba. Su ukun duka NULL ne a wajen injin, amma a wajen kawunka na farko kaɗai ne ke hana shi barci.

Fara da cire duk wanda ba a bin sa komai. Sannan wanda bai taɓa biya ba, ka auna shi da ranar da ya fara ɗaukar kaya. Nan ne COALESCE ɗin mutumin Ikeja ke da amfani, amma da rana ta gaskiya: biyan ƙarshe in akwai, in babu, sai ranar bashin farko. Sai na kafin azumi ya hau sama, na jiya ya sauka ƙasa, NULL kuma ya fita daga maganar jeri gaba ɗaya.

Amma ka kula da tarko ɗaya. Kada ka haɗa teburin bashi da na biya kai tsaye a kan kwastoma. Mai bashi 3 da biya 4 zai fito a layi 12. MAX da MIN ba za su nuna maka matsalar ba, amma SUM zai ninka bashin sau 4, ya ninka biyan sau 3, ka je ka haɗa kawunka faɗa da mutanen da ya shekara yana ciniki da su. Tara kowane tebur daban a ƙaramin umarni, layi ɗaya ga kowane kwastoma, sannan ka haɗa. Wajen lissafin ragowa kuma, wanda bai biya ba ka mayar da jimillar biyansa sifili, don duk abin da aka cire wa NULL, NULL yake zama.

'Yar'uwa daga Yaba:

Gaskiyar Baba ce. Ƙari ɗaya: PostgreSQL na yarda ka sa laƙabi irin biyan_karshe a ORDER BY in shi kaɗai ne, amma ba ta yarda da shi a cikin COALESCE. In ka bi hanyar Baba ta tara kowane tebur daban, wannan ba zai dame ka ba. Kuma don Allah ka sa PostgreSQL a kwamfutarka, ka riƙa gwaji da abin da ke kan saba.

Na Ikeja:

To na ji, na bar 1900.

Mai tambaya:

Baba, na gode ƙwarai. Zan sake rubutawa yau da dare, gobe in zauna da kawu mu gwada jerin da tsohon littafin, suna bayan suna. Saura abu ɗaya: akwai masu biya ta hannun wani, kuɗin ya shigo da sunan ɗan aike. Shi kuma a wane tebur zan ajiye shi?