Ƙarin kuɗin wuta da dokar mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki): wanne ne ke rage hayaƙin kabon?

Ɗan Jarwal, Makka:
Assalamu alaikum. Tun Janairun 2018, da aka mayar da kuɗin wutar gidaje a nan Saudiyya halala 18 (halala 100 ne riyal ɗaya) a kan kowane kilowat-awa, aka kuma ɗaga litar fetur mai lamba 91 daga halala 75 zuwa riyal 1.37, nake jin ana cewa hakan zai rage hayaƙin kabon. Ga dokar hana sayar da mukayyif mai zuƙar wuta, ga kuma tashar hasken rana ta Sakaka. Malamai, shin tara dokoki haka yana ƙara amfani, ko ɗaya ce ke aiki sauran suna rakiya?

Injiniya, Yanbu:
Wa alaikumus salam, Malam. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2024 ya duba manufofi kusan 1,500 a ƙasashe 41, ya tarar sau 63 kaɗai aka samu raguwar hayaƙi mai yawa, kuma galibi inda aka haɗa matakai ne. Dalilin a bayyane yake a ɗakunanmu. Idan aka ba mutum mukayyif mai tattalin wuta alhali wutar tana araha, sai ya bar shi a kunne dare da rana, abin da aka tara ya zube. Idan kuma aka tsauwala farashi babu na'ura mai kyau a kasuwa, an dai matse aljihu ne kawai, domin babu mai kashe mukayyif a watan Yuli.

Hajiya Ummu Yara, Madina:
Injiniya, bayaninka ya yi, amma ka manta da ɗan haya. Shi ke biyan kuɗin wuta, mai gida kuwa shi ke da bango da tagogin da zafi ke ratsawa, kuma sharaɗin sanya abin tare zafi ya fi shafar sababbin gine-gine. Tallafin Hisabul Muwaɗin, wato kuɗin da gwamnati ke bayarwa don rage raɗaɗin tsadar wuta da mai, na 'yan ƙasa ne, saboda haka baƙo mai ƙaramin ƙarfi kasuwar gwanjo (haraj) yake nufa ya sayi tsohon mukayyif na taga, wanda dokar sababbin kaya ba ta kai gare shi ba.

Ɗalibi, Jidda:
Gaskiyarki, Hajiya. Akwai ma inda dokoki biyu ke cin juna. A Tarayyar Turai, lokacin da Jamus ta zuba tallafi a wutar iska da rana, takardun izinin fitar da hayaƙi da suka yi rara sai suka yi araha, wasu masana'antu suka saye, har aka fara janye rarar daga kasuwa a 2019. A nan kuwa, Malam Ɗan Jarwal, abin dubawa shi ne man da tashoshin wuta ke ƙonawa a lokacin zafi, tunda alkawarin gwamnati shi ne rabin lantarki ya fito daga makamashi mai sabuntawa zuwa 2030.