Neman kalmar Hausa: ƙarfen da ke tsakiyar rile, wanda ake bugawa ba a zuga ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ana shirya bayanin kayan lantarki na masana'antu da Hausa, sai aka tsaya a kan abin da Turawa ke kira cold-forged iron core. Shi ne guntun ƙarfen da ke cikin naɗin waya na rile, wato makunnin da wutar lantarki ke kunnawa da kashewa; ƙarfen ne ke jawo farantin da ke haɗa wuta. Suna biyu ake nema, na ƙarfen da na yadda ake ƙera shi.

Mai haɗa allon wuta: Wa alaikumus salam. Mu a bakin aiki ƙarfen ciki muke cewa. Wasu kuma sandar maganaɗisu.

Injiniyan ƙarafa: Malam, sandar maganaɗisu kam a ajiye ta, don za ta koya wa yara kuskure. Wannan ƙarfe ba maganaɗisu ba ne. Aro yake yi: in wuta ta shiga naɗin waya ya ɗauka, in ta yanke ya saki nan take. Shi ya sa ake yin sa da tataccen ƙarfe mai kabon kaɗan ƙwarai, wajen kashi 0.02 cikin ɗari ko ƙasa, irin DT4 na Sin ko RFe80 na ma'aunin Jamus. Lambar 80 ɗin na nuna iyakar ƙarfin da ake bukata a kankare ragowar maganaɗisun, amfiya 80 a kowace mita. Ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Ni zuciya na zaɓa, yadda muke cewa zuciyar itace.

Malamin koyon sana'a: Zuciyar rile ta zauna a baki. Amma kada a ce zuciyar ƙarfe, mai ji zai tafi wajen taurin rai. Ƙarfen ciki kuma ya yi faɗi, domin firam ɗin da farantin ma ƙarafa ne kuma a ciki suke.

Maƙeri: Saura ƙirar. A wajenmu akwai ƙirar baƙi da ƙirar fari, to wannan sai ta zama ƙirar sanyi. Zubi dai ba shi ba ne, tunda ba a narkar da komai. Wani zai ce ɗanyar ƙira, amma ɗanyen aiki zagi ne.

Injiniyan ƙarafa: Baba ya faɗi daidai. Ga yadda ake yi, a auna da sunan. Ƙarfen yana zuwa a naɗe kamar waya mai kauri. A shafe shi da sinadarin fosfet da sabulu don ya yi santsi, inji ya yanke guntu, ya tura shi cikin rami mai siffar da ake so, ya buge shi sau biyu ko uku har kan ya baje kamar na ƙusa. Wannan kan shi ne fuskar da farantin ke manne wa. In tsawon da ya leƙo waje ya haura kaurin wayar kamar sau uku, bugu ɗaya lanƙwasa shi zai yi, dole a raba bugun. In wayar ta zo da tsaga ko ta yi tauri, gefen kan yakan dare. Ribar kuwa ba a asarar ƙarfe kamar a injin fiƙa, kuma guda ɗaruruwa na iya fita a minti ɗaya.

Sai dai bugun yana taurara ƙarfen, taurin kuma yana sa ya riƙe maganaɗisu. Rilen da aka sa wa irin wannan zuciya, ka yanke wuta farantin ya ƙi saki, injin da ya kamata ya tsaya ya ci gaba da juyawa. Don haka bayan bugu ana gasa shi a tanderu, tsakanin digiri 800 zuwa 900, cikin iskar haidurojin ko inda aka zuƙe iska, na 'yan sa'o'i, a bar shi ya huce a hankali. Sannan a yi masa siririn rufin nikel saboda tsatsa. Duk wanda ya sake matsa shi da ƙarfi bayan gashin ya maido da wani ɓangare na taurin.

Mai haɗa allon wuta: To Injiniya, in yana shiga tanderu, sanyin bai zama ƙarya ba?

Maƙeri: Bai zama ba, ɗana. Sunan na lokacin da aka ba shi siffa ne. Gashin aiki ne daban, shi ma ya sami nasa suna. Mu in muna son tauri mukan tsoma ƙarfe a ruwa yana ja, in muna son laushi mu binne shi a toka ya kwana. A kira shi gashin laushi.

Malamin koyon sana'a: Abu ɗaya a kiyaye. Babban kontakta, wato ƙaton rile, na wutar AC mai kai da komowa ba dunƙulalliyar zuciya gare shi ba, siraran faranti ne aka jera don rage zafi, wannan sai a ce zuciya mai falle-falle. Ƙananan rile na AC kuma ana sa musu zoben jan ƙarfe a fuska, domin a wutar da ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ƙarfin maganaɗisun yakan faɗi sau 100 a daƙiƙa, in babu zoben sai ƙara da karkarwa.

Mai tambaya: Madalla, Allah ya saka da alheri. Za a rubuta zuciyar rile ƙirar sanyi, a ƙara gashin laushi a layin da ke bayanin tanderu.