Fitar farko bayan dogon hutu: a tafi gaba ɗaya ko a raba ayari?

Sakataren ƙungiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙungiyarmu ta masu hawan keke za ta yi fitarta ta farko bayan hutun watanni, kuma kan 'yan kwamiti ya rabu game da tsarin tafiyar. Wasu na son a fita gaba ɗaya domin sababbin mambobi su saba da tsofaffi, wasu kuma na cewa masu ƙarfi ba su ajiye kekunansu ba duk tsawon hutun, kuma idan aka tilasta musu tafiyar sannu za su daina zuwa. Mun kusa mutum 30. Wace shawara za ku ba mu?

Tsohon mahayi:
Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Ni dai ina ganin a raba, kowane ayari kada ya wuce mutum 10 zuwa 12, kuma dalilina lafiyar jama'a ce. Idan layi ya yi tsawo, na gaba suna rage gudu kaɗan a kwana su wuce, amma na baya sai sun kusa tsayawa cak, sannan su yi ta haƙilon cimma sauran, alhali galibi marasa ƙarfin ne a bayan. Wanda ke bin bayan wani kusa da kusa yana samun sauƙi domin na gaban na tare masa iska, har ƙarfin da yake kashewa kan ragu da kusan kashi 30 cikin 100 idan ana gudu sosai, amma wannan sai da sabo, kuma sabo ne hutu ke fara cinyewa. Abin da na fi tsoro shi ne mutum ya bar tayarsa ta gaba ta shiga gefen tayar baya ta wanda yake bi. Da zarar na gaban ya karkata kaɗan, na bayan ne zai faɗi, ya kuma kwashi waɗanda ke biye da shi.

Mai gyaran keke:
Baba ya faɗi gaskiya. Zan ƙara da cewa ku kira taron da rabin sa'a kafin tashi domin a duba kekuna. Keken da ya daɗe a jingine iskar tayarsa ta zurare ko da bai yi faci ba, kuma adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin tayar. A matse birki biyu a gani ko suna kamawa, a dubi robarsu, a goge sarƙa a sa mata mai. Kowa ya zo da famfo, da kayan faci, da ruwan sha, kuma wanda bai sa hular kwano ba kada a tafi da shi.

'Yar ƙungiya:
Da girmamawa, Baba, ina da ɗan gyara. Raba ayari tun daga wurin tashi yana sa sabon zuwa ya ji an ware shi tun bai fara ba, kuma irin wannan ba kasafai yake dawowa ba. Me zai hana a taru wuri ɗaya, a yi bayanin alamun hannu na rami da tsayawa da juyawa, a tashi da tazarar 'yan mintuna, sannan a sa wurare biyu da kowa zai jira kowa? Kowane ayari kuma a ba shi gogagge ɗaya a gaba, ɗaya a ƙarshe wanda ba zai wuce kowa ba. Na gaban ya riƙe gudun da mutum zai iya hira a kai ba tare da haki ba.

Sakataren ƙungiya:
Na gode muku ƙwarai. Zan kai wa kwamiti shawarar ayari 3 da wuraren jira, kuma zan roƙi masu ƙarfin su karɓi aikin jagora da na rakiyar baya. Hanyar ma za mu gajarta ta, mu zaɓi wadda motoci ba su cika bi ba.