Za a rushe gidan kakanmu, kuma mun sami kundinsa: ta ina zan fara?

Jikan Liman:
Assalamu alaikum. Garinmu ƙarami ne a ƙasar Katsina, kuma dangi sun yanke shawarar rushe gidan kakanmu na ƙasa bayan damina domin a yi ginin siminti. Da muke kwashe kaya daga soron da ke kusa da zaure, mun sami gafaka ɗauke da warwatsattsun takardu na ajami da larabci, inda marigayin ya riƙa rubuta haihuwa da rasuwa da naɗin sarauta da shekarun yunwa. Ina so in tattara tarihin garin daga wannan kundi da kuma tsofaffin gidajen da suka rage, amma ina tsoron in ɓata abin da ke hannuna. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan aiki.

Mai Tawada:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam. Kafin komai, kada ka sake jera takardun yadda kake ganin ya dace. Ka ɗauki hoton kowane shafi, gaba da baya, a yadda ka same su, domin malaman zamanin da sukan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabace shi, kuma da ita mai karatu zai gane jerin. Kada ka manna musu gam ko ka rufe su da leda mai zafi, kuma ka nisanta su da danshi da gara. Shekarun da za ka gani na Hijira ne. Misali, idan ya ambaci yunwa a 1332, to ya yi daidai da 1914, shekarar da tsofaffi ke kira Kakalaba.

Akwai kuma abin da ya kamata ka shirya wa zuciyarka. Hamman Yaji, hakimin Madagali da ke Adamawa a yau, ya sa an riƙa rubuta masa abubuwan da yake yi daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Turawa suka tuɓe shi. A ciki ya lissafa hare-haren da ya tura kan mutanen duwatsu, har da Sukur, da adadin bayin da aka kamo, cikin harshe iri ɗaya da wanda yake lissafa dawakai da kyaututtuka. Jikokin waɗanda aka kai wa harin suna da nasu labarin, kuma sai da masana suka haɗa biyun aka fahimci zamanin. Kundin liman ba zai kai wannan ba, amma mai rubutu yana rubuta abin da ya shafe shi ne, don haka ka nemi bakin maƙera da mahauta da zuriyar waɗanda suka zauna a can ƙuryar gida ba a rubuta sunansu ba.

Ɗan Magina:
Ni a kan gidan zan yi magana, domin mahaifina magini ne. Ka shiga da tsohon magini ɗaya kafin a sa diga. Zai gaya maka, daga kaurin bango da yadda aka ɗora tubali, wane ɗaki aka fara ginawa da wanda aka ƙara lokacin da iyali suka yawaita. Ka duba azarar rufin: idan ta giginya ce, a tambayi daga wace fadama aka saro ta, domin sau da yawa za ka ji sunan wurin da yanzu ba bishiya ko ɗaya. Ka auna zaure da shigifa, ka zana inda rumbu da rijiya da turke suke, ka rubuta wanda ya kwana a kowane ɗaki.

Ina roƙonka kuma ka roƙi manya su bar zauren ko da za a rushe sauran. A Kafin Madaki ta jihar Bauchi akwai gidan da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, kuma tun 1956 aka sa gidan cikin kayan tarihin ƙasa. Gini na ƙasa yana daɗewa matuƙar ana yi masa yaɓe ana gyara indararo.

Gwaggon Yara:
Ɗana, shawarwarin nan suna da kyau, sai dai duk a zaure suka tsaya. Kundin zai faɗa maka ranar da aka haifi yaro, amma tsofaffin matan gidan ne suka san daga wane ƙauye aka kawo uwarsa, da abin da aka ci a shekarar yunwar, da dalilin da ya sa wani reshe na dangi ya ƙaura. Ka fara da su a wannan makon, ka ɗauki muryarsu da izininsu, domin takarda za ta iya jiranka. Bayan haka ka je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke can Kadunan, ka nemi rahotannin haraji na gundumarku, ka gwada sunayen masu unguwanni da ke ciki da na kundin.

Jikan Liman:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gwaggo, ƙanwar kakan namu tana raye kuma hankalinta garau, da ita zan fara. Maganar zaure kuwa zan kai ta gaban baffanmu ranar Juma'a, tunda shi ne babba a gidan yanzu.